Tafiyar Gasar Ci: Ina Tsarabar?

Duk wanda ya saba zama a teburin mai shayi a nan Sabo bayan sallar isha'i ya san hira ta canja kama. Da can rediyo ce a tsakiya, kowa ya kasa kunne. Yanzu waya ake jinginawa a jikin gwangwanin madara, kawuna biyar ko shida su haɗu a kanta. In ba ƙwallo ake kallo ba, to a 'yan watannin nan wani abu ne daban ya kama samarinmu: bidiyon wasu abokai, yawancinsu 'yan Amurka, da za su cika tankin mota su kama hanya ta kwana da kwanaki, ba fatauci ba, ba ziyarar dangi ba, sai don gasar cin abinci. Wasu su ce sai sun ci a kowane reshe na wani kamfanin abinci da ke ƙasarsu. Wasu su nufi gari guda inda ake ajiye wa mutum tulin nama, a kunna agogo, a ce in ya cinye kafin lokaci ya cika ya ci kyauta.

Mu ma mun ja benci mun zauna. Mun kalli da dama daga cikinsu, mun ƙona data ba kaɗan ba, kuma ba za mu yi muku ƙarya ba, mun yi dariya a wurare da yawa. Amma tunda wannan fili na sharhi ne, dole mu auna abin da muka kalla. Ma'aunin da muka ɗauko kuwa na gida ne. Mu mutanen zango, jikokin fatake, mun san da tsaraba ake gane inda matafiyi ya je. To waɗannan da suka ci dubban kilomitoci suna cika ciki, wace tsaraba suka kawo wa mai kallo?

Abincin da hanya ta haifa

Haɗa mota da irin wannan abinci ba 'yan YouTube ne suka fara shi ba. Abincin gaggawa, wato irin na Chicken Republic ko Mr Bigg's da za ka nuna da yatsa a naɗe maka cikin minti biyu, ɗan hanya ne tun daga haihuwarsa. Harland Sanders, tsohon nan mai farin gemu da ke jikin allon KFC, a gidan mai ya fara sayar wa matafiya abinci, a garin Corbin na jihar Kentucky, a 1930. Da aka zo gina sabuwar babbar hanya a shekarun 1950 ta kauce wa ƙofarsa, sai ya sayar da wurin ya shiga mota yana bin gari-gari, yana ƙulla ciniki da masu gidajen abinci a kan sirrin suyar kajinsa. A 1948 'yan'uwan nan biyu masu McDonald's suka sake tsarin kicin ɗinsu a San Bernardino ta jihar Kalifoniya, suka rage kalolin abinci, kowane ma'aikaci aka ba shi aiki guda yana ta maimaitawa. A wannan shekarar In-N-Out ta buɗe, inda direba zai faɗi abin da yake so ta na'urar magana bai fito daga mota ba. A 1956 Shugaba Eisenhower ya sa hannu kan dokar gina manyan hanyoyin da suka haɗe jihohin Amurka, kamfanonin nan kuwa suka bi kwalta suna kafa rassa a kowace mararraba.

Alƙawarin da suka yi wa matafiyi guda ɗaya ne: abin da ka ci a nan shi za ka ci a can, ɗanɗano ɗaya, girma ɗaya, har kujerar ma iri ɗaya. Ga direban da ya gaji ya sauka a garin da bai san kowa ba, wannan alƙawari rahama ne. Ga mai ba da labarin tafiya kuwa matsala ce, don labarin tafiya da bambanci yake rayuwa. In duk inda ka sauka ɗaki ɗaya ka shiga, me za ka faɗa in ka dawo? Ta nan gasa ta shigo. Tunda abincin ba shi da sabon labari, sai aka mayar da yawansa labari.

Agogo da bokiti

Misalin da ya fi fito da wannan fili ya faru ne a Las Vegas a ƙarshen Oktoban 2004. Wasu abokai takwas, cikinsu har da Tony Hsieh, shugaban kamfanin sayar da takalma na Zappos a lokacin, suka shiga wani reshen In-N-Out suka ce a yi musu boga guda ɗaya. Boga dai burodi ne da ake tsagawa a sa faifan niƙaƙƙen nama a tsakiya. Su kuwa suka ce tasu a jera mata faifan nama 100 da yankan cuku 100. Aka yi musu, suka biya dala 97.66, suka zauna suka cinye, suka watsa hotunan a intanet. An ƙiyasta kalori sama da 19,000 ne a ciki, alhali babban mutum 2,000 zuwa 2,500 yake bukata a yini. Ke nan kowannensu ya ci abincin yini guda cur a zama ɗaya. Daga baya kamfanin ya sa iyaka, ba a wuce nama huɗu da cuku huɗu, amma labarin ya riga ya bazu, masu kwaikwayo sun samu abin koyi.

Wurin da masu irin wannan tafiya suka mayar kamar wajibi a tsaya shi ne Big Texan, wani gidan gasasshen nama a garin Amarillo na jihar Teksas. An buɗe shi a 1960 a bakin tsohuwar hanyar nan mai lamba 66, wadda ta taso daga Shikago ta dire gaɓar teku a Kalifoniya, kusan kilomita 4,000. Sharaɗin gidan shi ne ka cinye naman sa mai nauyin oza 72, wato kilo biyu da 'yar ɗoriya, tare da jatan lande da gasasshen dankalin turawa da salak da burodi, duk cikin awa ɗaya. Za ka biya dala 72 tun farko, in ka cinye a mayar maka da kuɗinka. Za a ɗora ka a kan wani dandamali a tsakiyar jama'a, ga agogo, ga bokiti a gefenka. Ba tashi, ba mai taya ka, in ka yi amai ka faɗi. A 2015 wata siririyar mata mai suna Molly Schuyler, uwar 'ya'ya huɗu, ta cinye irin wannan faranti har uku cikin minti 20.

Mu ba wa masu bidiyon nan haƙƙinsu, sun iya riƙe mai kallo. Agogo yana yin aikin da yake yi a ƙwallo, ko ba ka son ɗan wasan sai ka tsaya ka ga ƙarshe. Ba sai kana jin Turancin Amurka ba, fuskar mutumin da muƙamuƙinsa ya gaji a minti na arba'in ba ta bukatar tafinta. Sun iya yanka hoto, sun iya zana taswira da jan layi yana tafiya daga gari zuwa gari, kuma tsokanar da abokai ke yi wa juna a cikin mota irin wadda muka sani ce a motar 'yan rakiyar ango.

Sai dai in ka kalli goma, ka kalli ɗaya ne sau goma. A fara da cika baki, a koma tauna a hankali, gumi ya karyo, abokai su yi ta ihu, a ƙare da ɗaga hannu ko da bokiti. Garin da aka sha wahalar zuwa kuwa ba a gan shi ba. Amarillo tana tsakiyar ɗaya daga cikin manyan yankunan kiwon shanu na Amurka, amma a yawancin bidiyon da muka kalla ba mu ga saniya ba, ba mu ga mai kiwo ba, ba mu ga mahauci ba. Wannan ya tsaya mana a rai, don Sabon nan tamu tun da aka kafa ta a 1916 da shanu da goro ta tashi. Mun san hannu nawa kilo biyu na nama ke bi kafin ya iso faranti: makiyayin da ya yi shekaru yana bin sa a daji, yaran da ke kwana a saman tirela daga Arewa suna tashin dabbar da ta kwanta kada a tattake ta, dillalin kara, mahaucin da ya fito tun kafin asuba. Mahaucinmu in ya kalli kilo biyu, tukunyar miyar gida guda yake gani. A bidiyon nan naman ya zama katanga kawai da ake son a tsallake.

Shirin da ya fi jikokinsa

Wanda ya koya wa 'yan YouTube wannan salo shi ne shirin talabijin na Man v. Food, da tashar Travel Channel ta fara nunawa a Disambar 2008, kuma daga Amarillo ɗin nan ya fara. Sunan kansa ya faɗi komai: mutum a gefe guda, abinci a gefe guda, kamar 'yan dambe. A Hausa kalma ɗaya gare mu, a ci tuwo, a ci gasa, amma ba mu taɓa ɗaukar tuwo abokin gaba ba.

Duk da haka shirin ya fi masu kwaikwayonsa nesa ba kusa ba. Mai gabatarwar, Adam Richman, ya yi aiki a gidajen abinci kafin ya shiga talabijin, kuma ana ganin alamar hakan. Mafi yawan lokacin kowane shiri a kicin yake ƙarewa, ba a kan dandamalin gasa ba. Ba manyan kamfanoni yake bi ba, ƙananan gidajen abinci na 'yan gari yake shiga, ya tsaya kusa da mai girki yana tambaya: awa nawa naman nan ke yi a wuta, wa ya koya maka wannan haɗi, yaushe aka buɗe wurin. A nan mai kallo ke samun tsaraba, ya san cewa Amurkar ma kowane gari da irin girkinsa da mutanensa. Gasar a ƙarshe take zuwa, kuma in an cire ta shirin ba zai rasa komai ba sai hayaniya. Masu kwaikwayo sai suka ɗauki hayaniyar suka bar kicin ɗin. Shi kansa Richman a 2012 ya daina gasar, daga baya ya duƙufa rage ƙiba.

Kurmin roba

Wanda ya fi burge mu cikin duk abin da muka kalla babu agogo a cikinsa, babu bokiti. A 2022 wasu abokai biyu masu tashoshi a YouTube, Eddy Burback da Ted Nivison, suka ɗaura niyyar cin abinci a kowane reshe na Rainforest Cafe da ke Amurka da Kanada, rassa 18, cikin mako uku. Wurin na zama ne a kawo maka, ba na naɗe-min-in-tafi ba, amma dokarsa irin ta abincin gaggawa ce, duk reshen da ka shiga kamar wanda ka baro. An fara buɗe shi a 1994 a cikin wani katafaren rukunin kantuna a jihar Minnesota, kuma an ƙawata shi ne kamar kurmi: ganyen roba, giwaye da gwaggon biri na inji suna motsi, lokaci-lokaci a rage fitila a saki tsawa da walƙiya na ƙarya. Mu da ke zaune a Kurmin gaskiya, muka san yadda ruwan Ibadan ke cika Ogunpa, dariya ta kama mu tun kafin su fara magana. Tafiyar ta haura mil 10,000, wato kimanin kilomita 16,000. Layin dogo daga Ikko zuwa Kano kilomita 1,126 ne, sai ku lissafa, wajen sau goma sha huɗu ke nan.

Abin da ya ɗaga wannan aiki shi ne kowannensu ya fitar da nasa bidiyon daban. Mota ɗaya, tebur ɗaya, labari biyu. Ɗaya ya fito a matsayin wanda aka jawo cikin wahala yana ta ƙorafi, ɗaya a matsayin mai ɗoki da ya ɗauki abin da gaske. Sun san tafiyar shirme ce, kuma ba su ɓoye ba. Gasar tasu ta koma ta juriya, jure cin abu ɗaya kullum da jure zama da mutum ɗaya a mota mako uku. Manya sun ce ba a sanin halin mutum sai an yi tafiya da shi, to wannan ce tsarabarsu ta farko. Ta biyu kuwa hoton ƙasar da za ka yi kilomita 16,000 a cikinta kana shiga ɗaki ɗaya sau 18. Sun mayar da matsalar da muka ambata a sama ta zama ita ce labarin, kuma wannan dabara ce ta gaske.

Inda suka gaza, ma'aikatan da ke yini a ƙarƙashin tsawar ƙarya suna ɗaukar faranti ba su samu fili sosai ba, alhali su ne suka fi kowa sanin wurin. Sannan direbobinmu da suka kalla tare da mu wani abu daban suka gani: mutum ya yi tafiyar mako uku ba shingen karɓar na goro, ba fargabar dare ya same shi a daji. Wannan ba laifin masu bidiyon ba ne, amma yana tuna wa mai kallo cewa wasan na masu hali ne a ƙasar masu hali.

Abin da kyamara ke yankewa

Bidiyo yakan ƙare ne a daidai inda aka ɗaga hannu. Abin da ke biyo baya a ɗakin otal ba a nunawa. Takeru Kobayashi, ɗan Japan ɗin da ya girgiza gasar cin burodi mai tsiran nama ta Nathan's a birnin Niyok a 2001, inda ya ci 50 cikin minti 12, ya faɗa da bakinsa a wani shirin Netflix a 2024 cewa ya daina jin yunwa. Ku tsaya ku yi tunanin wannan, mutum ya rasa alamar da jikinsa ke yi masa cewa lokacin ci ya yi. A 2007 likitoci a Jami'ar Pennsylvania sun ɗauki hoton cikin wani gwanin gasar ci yana tsaka da ci. Mutumin da aka gwada shi da shi ya tsaya a guda 7. Gwanin ya kai 36 cikin minti goma, tumbinsa ya buɗe kamar buhu, har likitocin suka tsayar da shi. Waɗannan mutane horo suke yi na musamman, kuma a manyan gasanni akwai ma'aikatan lafiya a tsaye saboda shaƙewa, wadda kan kashe mutum cikin 'yan mintoci. Yaron da ke kwaikwayo a lungu ba shi da ko ɗaya. A 2023 wani yaro ɗan shekara 14 a jihar Massachusetts ya rasu bayan ya shiga gasar cin wani soyayyen abu mai azabar yaji da ake yayi a intanet, har kamfanin ya janye kayan daga kasuwa. Ga kuma gishiri: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini, mu kuwa mun san gida nawa ne a unguwar nan ke da mai hawan jini.

Kada kuma a ɗauka masu sukar abincin gaggawa su ba sa yanke hoto. Fim ɗin Super Size Me na 2004, inda Morgan Spurlock ya yi kwana 30 ba ya cin komai sai abincin McDonald's, ya ƙara kilo 11, hantarsa ta nuna alamun lahani, ya tsorata duniya. Sai a 2017 shi da kansa ya bayyana cewa ya yi shekaru da dama yana fama da shan giya, abin da bai faɗa a fim ɗin ba, mutane suka koma tambayar ko hantar boga ce kaɗai ta taɓa ta. Darasin dai ɗaya ne, duk wanda ya riƙe kyamara ya zaɓi abin da za ka gani.

Sannan akwai kuɗi. Kowane kallo talla ce, kowace talla kuɗi ce. Mai cin ana biyan sa, mai kallon shi ke sayen data. Ƙasar Sin ta ɗauki abin da zafi har a 2021 ta kafa dokar hana ɓarnar abinci, wadda ta tanadi tara ga masu yaɗa bidiyon cin wuce kima. Ba muna kiran a yi doka ba ne, muna nuna cewa ba tsofaffin Sabo kaɗai abin ya dama ba.

"Ai ku ma kuna da cika-ciki"

Da muka faɗi wasu daga cikin waɗannan maganganu a teburin shayi, wani saurayi ya ce mana, "Baba, ai ku ma kuna da cika-ciki." Wallahi ya yi gaskiya, kuma ya burge mu. A watan Muharram, wanda mu Hausawa har suna muka ba shi da wannan al'ada, akan yi girki mai yawa, a fito da abin da aka adana na naman layya, a ce kowa ya ci ya ƙoshi. Maƙwabtanmu Yarabawa na Epe ma suna da bikin Kayokayo a wannan wata, sunan kansa ci-ka-ƙoshi yake nufi. Ke nan ba mu ne za mu ce cin ƙoshi don nishaɗi baƙon abu ne ba.

Amma a duba inda kwano ke dosa. A daren cika-ciki kwanuka fita suke yi daga gida, yara na kai wa maƙwabta da dangi, kuma abin da ake nema shi ne kada kowa ya kwana da yunwa. A gasar bidiyo abincin mutum goma ne ke komawa cikin mutum ɗaya, sauran suna tafi. Cika-ciki sau ɗaya ne a shekara, sauran kwanakin kuwa malamanmu sun koya mana a raba ciki uku, a bar wa ruwa da numfashi nasu. Haka abincin hanya yake a wurinmu tun zamanin fatoma, baƙo ya sauko da shanunsa ko ya zo sayen goro, mai masauki ya ba shi ɗaki da tuwo, daga wannan kwano amana ke farawa har ta kai ga bashin dabbobi ba takarda.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami

Kwanakin baya a gaban idonmu wasu samari huɗu suka yi karo-karo a wurin wani mai shayi, suka sa aka dafa wa ɗayansu taliya leda takwas da ƙwai goma, aka kafa waya, aka kunna agogo. Ya yi ƙoƙari, ya ci fiye da rabi, sannan ya miƙe da gudu ya zagaya bayan rumfa. Abin da ya rage an riga an dagula shi da hannu da gumi, ba mai iya ci, aka juye a kwata. A gefe kuwa yara biyu ne tsaye da robobinsu tun da aka ɗora tukunya. Mai shayin ya ce mana an biya shi kuɗinsa cif, amma ransa bai yi daɗi ba. Samarin kuma muka ji suna shirin haɗa kuɗin mota su bi hanyar Ikko suna tsayawa a kowane gidan soyayyar kaza, su ga wa zai fara sarewa.

Wannan a ƙasar da tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san abin da kuɗin mota ya zama. Ba zagin yaran nan muke yi ba. Mun ga bidiyon da suka haɗa, kuma a gaskiya mai yanka hoton yana da hannu, mai surutun ma ya iya ban dariya. Baiwar tana nan. Abin koyin ne suka ɗauko mara kyau, kuma suka ɗauko mafi raunin ɓangarensa.

Ga tamu gasar, in za su karɓa. Duk shekara ana tafiya gida da Salla. Hanyar da Bature ke nema ya rasa, mu ita muke bi muna barci: Oyo, Ogbomoso, Ilori, Jebba, Mokwa, har a dangana da Zariya da Kano, kuma ba zango biyu da ɗanɗanonsu ya zo ɗaya. Amala da miyar wake a ƙasar Oyo, wara a hannun matan Fulani a wajen Ilori, kifi a bakin gadar Jebba, fura da balangu in an haura, gurasa in an shiga Kano. Sharaɗin shi ne kwano ɗaya, hannu huɗu, kada a rage ko loma. A kowane zango a gaida mai abincin, a nemi izininta kafin a ɗaga waya, a tambaye ta tun yaushe take wannan sana'a, a ina take sayen kaya, me sabuwar hanya ko tsadar mai ta yi wa cinikinta. Wanda ya dawo da labarin da ya fi daɗi shi ya ci gasa. Akwai yara da yawa da aka haifa a nan Sabo ba su taɓa ƙetare Kwara ba, su za su fara kallo, iyayensu kuma su karɓi wayar su ce a mayar baya.

Hukuncinmu a taƙaice: mai data ya kalli tafiyar kurmin roba, duka biyun, zai yi dariya kuma zai ga abota. Ya kalli tsofaffin shirye-shiryen Man v. Food saboda kicin ɗin, in an zo wurin agogo ya ga dama ya wuce. Sauran na tulin boga da bokiti kuwa, ɗaya ya isa, don duk nisan da suka yi hannu rabbana suka dawo. An ce tafiya mabuɗin ilimi, amma sai matafiyin ya ɗaga kai daga faranti ya dubi wanda ya zuba masa.

Allah ya ba mu lafiya da abin sawa a baki, ya kai matafiyanmu gida lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.